Tambaya da Amsa: Yayana ya aiko min amfilifaya daga Amurka, za ta gyara min intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni tela ne a Tudun Wada, kullum ina tura wa kwastomomi hotunan ɗinki a WhatsApp, rawuta ce dani mai layin waya 4G amma sabis a ɗakina sai a hankali, hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa har na gaji. Na yi wa yayana da ke Amurka ƙorafi sai ya aiko min wata 'yar na'ura wai amfilifaya, mai ƙara ƙarfin sigina, yace ita ya saka wa modem ɗinsa abin ya gyaru. Bakinta irin na wayar dish ne mai murɗawa. A ina zan jona ta?
Ɗan uwanku daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya saka wa yaya da alheri. Amma don Allah kar ka sa ta a wuta tukuna, juya cajar ka karanta rubutun bayanta, in kaga 120V kaɗai to ta wutar Amurka ce, tamu 230 ce, kana jonawa za ta ƙone har ka ji ƙauri. In an rubuta 100-240V ba komai ta nan.

Gaskiyar magana, na'urar nan ba za ta yi wa rawutarka komai ba, domin intanet ɗinka da na yayanka ba hanya ɗaya suke bi ba. Shi nasa ta cikin waya yake shigowa gida, irin wayar talabijin ɗin nan mai ƙarfe ɗaya a tsakiya, tsarin da ake kira DOCSIS, kai kuwa naka ta iska yake zuwa daga hasumiyar kamfani, to babu ma inda za ka murɗa ta a jikin rawutar.

Shi ma yayan ka faɗa masa ya duba da kyau, don amfilifaya ba maganin kowane ciwo ba ce. Inda take amfani shi ne gidan da aka rarraba waya ɗaki-ɗaki, saboda duk silita, wato 'yar na'urar da ke raba waya, mai baki biyu tana cin kusan 3.5 dB na ƙarfin sigina, mai baki huɗu kusan 7, kafin sigina ya iso modem ya galabaita. Ya rubuta 192.168.100.1 a birawuza, yawancin modem nan suke nuna lafiyarsu, ƙarfin da ke shigowa ana so ya zauna tsakanin -7 da +7 dBmV, wanda modem ke turawa kuma kar ya haura wajen 50. In lambobin suna daidai ya ƙara amfilifaya, ƙarfin zai yi yawa ya koma matsala. Kuma dole ta zama mai barin hanyar komawa, wato 5 zuwa 42 MHz a tsarin Amurka, in ba haka ba modem zai ji kamfani amma kamfani ba zai ji shi ba. Abin da mutane basu cika ganewa ba shi ne ita ƙarawa kawai ta iya, bata tacewa, kamar lasifikar masallaci ce da wayar makirfo ta lalace, kana ƙara murya ƙugin ma yana ƙaruwa. Shi yasa ake sa ta a bakin inda waya ta shigo gida, kafin a rarraba.

Mu dawo kanka. Kwanon rufi da bangon siminti su ke tare maka sabis, ka ɗauki rawutar daga ƙasan teburin keke ka kai ta jikin taga a sama, ka gwada tagogi daban daban. Shiga shafinta da adireshin da ke rubuce a ƙasanta, da yawa 192.168.8.1 ne ko 192.168.0.1, ka nemi RSRP, wato ma'aunin ƙarfin sabis ɗin 4G, in yana wajen -90 ko -80 lafiya lau, in ya kai -110 to nan ne ciwon. In taga bata wadatar ba duba bayan rawutar, wasu suna da ƙananan bakuna biyu na eriya a ƙarƙashin marfi, sai ka nemi eriyar waje ta 4G wajen masu kayan lantarki a Kasuwar Gumi, ka je da rawutar a hannu a gwada bakin, a ɗaure ta a sanda saman rufi tana kallon hasumiya, wayar kuma kar ta yi tsawo da yawa. Busta, wato na'urar ƙara sabis ɗin waya, irin wadda ake tallatawa kuwa bana baka shawara, hukumar NCC ta gargaɗi jama'a kan amfani da su ba izini don suna dagula sabis ɗin maƙwabta.

In sabis cike yake amma da daddare kaɗai yake ja, to cunkoso ne a hasumiya, gwada layin wani kamfani ko ka riƙa tura hotunan da sassafe.

Kyautar yaya kuma kar ka yar. A dish ba za ta yi ba don mitarsa daga 950 zuwa 2150 MHz ce, amma in kana da dikoda mai eriyar sanda za ta iya ƙara mata ƙarfi, sai dai in cajar 120V ce ka fara nemo mata 'yar tiransifoma mai sauke wuta.