Ma'anar "enfeoffment" a tarihin Ingila

Malam, ka tambayi abin da kalmar "enfeoffment" take nufi. Tsohuwar al'adar Turai ce: sarki ko babban basarake ya damƙa wa mutum ƙasa, shi kuma ya durƙusa ya yi masa mubaya'a, da alkawarin fita yaƙi in an kira shi, galibi kwana 40 a shekara. Ba ciniki ba ne, riƙo ne bisa sharaɗi.

Ni dai yadda ake miƙawar ne ya fi burge ni. Ana zuwa gonar da shaidu, a ɗebi dunƙulen ƙasa ko reshen itace, a sa masa a hannu. Bisa irin wannan riƙon ne William, basaraken Normandy da ke Faransa, ya raba filayen Ingila ga mayaƙansa bayan ya cinye ta a 1066. Majalisar ƙasar ta soke wannan riƙon na soja a 1660.