Tarakta na mutuwa bayan minti goma

Malam, ka ce tsohuwar taraktarka Massey Ferguson ta gonar Epe a jihar Legas tana tashi lafiya, bayan minti goma sai ta mutu. Ina zargin dizal ne ba ya isa inji.

Fara da murfin tanki: in hujin iskarsa ya toshe, mai ba ya sauka. Sassauta shi ka gwada. Sannan ka tsiyayo mai daga gindin filta, wato matatar dizal, cikin kwalba, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Laimar Legas na tara raɓa a tankin da ya kwana da rabin mai, shi ya sa nake cika nawa da yamma.

Canja filta, sassauta notin fitar da iska, ka yi ta danna famfon hannu na tura dizal har kumfa ta ƙare. Kada bakanike ya taɓa maka injekta, wato mai fesa dizal cikin inji, tukuna.