Tambaya da Amsa: Wane Gidan Haya Ya Dace da Mai Zuwa Aiki a Keke a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfani da ke kan titin Oba Akran a Ikeja, kuma ina zaune ne wurin kawuna a Alaba Rago. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ke neman cinye albashina, ga shi kullum sai na fito kafin gari ya waye. Na yanke shawarar kama haya kusa da wurin aiki in riƙa zuwa a keke. Dillali ya nuna mini wuri 3: ɗaki mai banɗaki a ciki a Ketu, a ƙasa, shi ne ya fi araha, da ciki da falo a Ogba, a wani bene da sai an hau matakala hawa biyu, shi ne ya fi tsada, da kuma ɗaki a ƙasa a wani gidan haya mai mutane da yawa a Agege, kusa da 'yan'uwanmu Hausawa. Wanne zan ɗauka, kuma me ya kamata in duba kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar da ka yanke mai kyau ce, domin yawancin Legas shimfiɗaɗɗen wuri ne, kuma a lokacin da tituna suka cushe, mai keke yakan riga mai mota isa idan tafiyar ba ta da nisa. Sai dai dillali ɗaki ya nuna maka, bai nuna maka hanya ba, alhali kuwa a wurin mai keke hanyar ita ce ya kamata a fara dubawa. Wanda zai shiga danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, yana iya rufe ido ya bar direba da wahalar titi, amma kai da jikinka za ka bi kowane taku na hanyar nan, safe da yamma, rani da damina, har shekarar da ka biya ta ƙare.

Mu fara da nisa, duk da cewa ba shi ne babban abu ba. Mutum mai lafiya a kan keke na yau da kullum yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya a cikin gari, idan an haɗa da tsayawa da kauce wa ramuka. Ke nan tafiyar kilomita 6 za ta ci maka kamar minti 25 zuwa 30, wadda ana iya jure mata kullum ba tare da an isa wurin aiki a galabaice ba. Da zarar ta wuce kilomita 10, a zafi da gumin Legas, mutane da yawa sukan fara da himma, bayan 'yan makonni kuma su jingine keken su koma tashar mota. Ogba da Agege duka suna cikin nisan da ya dace da Oba Akran. Ketu ta fi su nisa sosai.

Abin da ya fi nisa muhimmanci shi ne abin da ke tsakanin gidan da wurin aikin. Ruwa da manyan tituna ne suka yanka Legas gida-gida, kuma wuraren da ake tsallakawa kaɗan ne, don haka kowace mota da ke yankin nan take nufa. Gadoji 3 ne suka haɗa tsibirin Legas da ɓangaren tudu: gadar Carter, da gadar Eko, da gadar Third Mainland da aka buɗe a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12. Ta ukun nan ba wurin keke ba ce ko kaɗan, saboda gudun da motoci ke yi a kanta, da iskar da ke kaɗawa daga kan ruwa, da kuma rashin wurin raɓawa idan taya ta yi faci a tsakiya; sauran biyun ma ba zan ba wani shawarar ya mayar da su hanyarsa ta kullum ba. Saboda haka nake cewa duk mai son zuwa aiki a keke ya nemi gida a ɓangaren ruwan da aikinsa yake. Mai aiki a Ikoyi ko cikin tsibirin Legas ya duba Obalende, mai aiki a Surulere ko Yaba ko Mushin ya duba Idi-Araba da kewayenta, mai aiki a Ikeja irinka kuma ya tsaya a Agege, Ogba da makamantansu. Kai ka tsira daga matsalar gada, amma manyan tituna suna nan.

A nan ne ɗakin Ketu ya faɗi. Kafin ka isa Ikeja daga Ketu sai ka yi mu'amala da titin Ikorodu da mahaɗar Ojota, inda motocin da ke fita zuwa Ibadan, da bas-bas ɗin BRT, da manyan motocin da ke kai kayan gwari kasuwar Mile 12 suke haɗuwa. Haɗarin irin wannan wuri ba daga gudu kaɗai yake ba. Direban danfo yakan yanko daga tsakiyar titi zuwa gefe ba tare da sigina ba da zarar ya hango fasinja, kuma gefen nan shi ne daidai inda mai keke yake tafiya. Layin da aka killace wa BRT ma ba mafaka ba ne, domin na bas ne, kuma babu sararin da za ka kauce idan ta taho a bayanka. Ga kuma batun ruwa: wasu ƙananan unguwannin Ketu da Mile 12 da Owode suna kusa da kogin Ogun, kuma sukan cika idan damina ta yi nauyi ko an saki ruwa daga dam ɗin Oyan. Ba kowane layi abin yake shafa ba, amma ɗaki a ƙasa mai araha a wannan yanki abin a yi wa tambayoyi ne. Ni dai da na cire shi daga lissafi.

Saura Ogba da Agege, kuma kowace tana da nata. Daga Ogba za ka ratsa yankin masana'antu, inda tireloli ke shiga da fita daga ƙofofin kamfanoni. Direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gefensa, kuma idan zai yi kwana, bayan motar yakan share gefen titi gaba ɗaya, don haka kada ka taɓa kutsawa tsakaninta da kwata, ko da a tsaye take. Akwai kuma hawa da gangara a wasu sassan Ogba, waɗanda ba a lura da su daga cikin mota, amma ƙafa takan gane su, musamman a keke marar giya. A Agege kuwa abin dubawa shi ne layin dogo da ya ratsa garin. Ka tabbatar da ɓangaren da gidan yake, ka kuma gano inda za ka tsallaka, domin gidan da yake kusa a taswirar waya yana iya zama mai nisa idan sai ka zagaya kafin ka sami mashiga. Gadar sama ta Pen Cinema, da aka buɗe a 2021, ta rage cunkoson motoci a wurin, amma don motoci aka gina ta, kuma mai keke ya fi samun natsuwa a hanyoyin ƙasa.

Babu abin da zai maye gurbin ka gwada hanyar da kanka kafin ka ba da ko sisi. Ka ari keke, ka tashi daga ƙofar gidan a ranar aiki, a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka kuma dawo a lokacin tashi. Gwajin ranar Lahadi yaudara ne, domin titin da ka gani fayau ba shi za ka tarar ranar Litinin ba. Dawowar ta fi fitar muhimmanci, saboda rana tana faɗuwa a Legas wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00 duk shekara, wanda ke nufin sau da yawa a duhu za ka shigo unguwa. Ka duba ko akwai fitilun titi, da kwatocin da aka bari a buɗe, da lungunan da babu mutane. Ka nemi hanyoyin cikin unguwa ko da za su ƙara maka minti 5, amma ka lura da ƙofofin ƙarfe da mazauna layuka suke kafawa, domin wasu ana kulle su da dare, wasu ma ba a buɗe su sai ƙaramar ƙofar masu ƙafa. Idan da hali ka je bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Damina a nan takan yi nauyi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Idan da rani kake neman gida, bango zai gaya maka abin da dillali ya ɓoye: shatin ruwa a jikin katanga, da dokin ƙofar da aka ɗaga da bulo, da gansakuka a gindin gini. Ka kuma zauna wurin mai shayin layin ka tambaye shi, domin shi ba ya jiran la'ada.

Idan hanya ta yi, sai tambaya ta biyu, wadda yawancin mutane ba sa yi sai sun tare: a ina keken zai kwana? Keken ƙarfe irin wanda aka saba gani yana da nauyin kilo 15 zuwa 20, tsawonsa kuma ya kusa mita 2. Ɗaukar wannan zuwa hawa biyu a ranar farko ba wani abu ba ne, amma ka ƙaddara ranar da ka dawo a gajiye, tayoyi sun kwaso taɓo, an ɗauke wuta, matakalar kuma ƙunci gare ta da kwana a tsakiya. Nan da nan za ka fara barin sa a ƙasa da niyyar dare ɗaya kawai, kuma keken da aka bari a ƙasa babu tsari ba ya daɗewa. Saboda haka gidan Ogba ya dogara ne ga abu ɗaya, wato ko akwai wuri a ƙarƙashin matakala ko a cikin harabar gidan, mai rufi, wanda ba a hango shi daga titi, kuma akwai ƙarfe kafaffe da za a ɗaure keken a jikinsa. Kulle taya kaɗai ba ya hana komai, tunda ɓarawo ɗauka zai yi ya tafi da shi a kafaɗa. Sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau za su bi ta cikin jikin keken da tayar baya su kama ƙarfen. Ka nemi yardar mai gidan da bakinsa, ba ta bakin dillali ba, a kuma rubuta ta cikin takardar yarjejeniya, domin na ga inda maƙwabci ya wayi gari ya ajiye janaretansa a wurin, ya ce ai ya riga kowa zuwa gidan.

Ɗakin Agege yana da fa'idar kasancewa a ƙasa, kana iya tura keken ciki ka rufe ƙofa. Ka auna faɗin ƙofar da na farfajiyar da ke tsakanin ɗakuna, domin kan keke yana da faɗin kusan santimita 60, kuma a irin waɗannan gidaje farfajiyar takan cika da risho da bokitai da takalma. Idan ɗakin ƙarami ne, ƙugiya mai ƙarfi a bango za ta ɗauke keken a tsaye, amma ita ma sai da izinin mai gida. Kada ka yarda da barin sa a tsakar gida don ana cewa duk 'yan gida ne. Gidan da mutane da yawa ke shiga da fita babu wanda zai ɗauki alhakin abin da ya ɓace, ga yara kuma da ba za su ga keke su ƙyale ba. Zama cikin 'yan'uwa abin so ne, ga masallaci kusa, ga abincin da aka saba, kuma ban raina wannan ba. Sai dai kada shi kaɗai ya yanke maka hukunci.

Iskar Legas tana da laima, kusa da teku kuma har da gishiri, don haka sarƙa da wayoyin birki suna saurin yin tsatsa fiye da yadda ka sani a Arewa. Keken da ke kwana a fili zai ci maka kuɗin gyara. Ka duba ko akwai mai faci ko mai gyaran keke a kan hanyarka, ka kuma tabbatar gidan yana da ruwa tsayayye, domin wanka da wanki za su ƙaru.

Ka kuma tanadi hanya ta biyu saboda ranar ruwa ko rashin lafiya. Kada ka dogara da acaɓa, domin Ikeja tana cikin ƙananan hukumomi 6 da gwamnatin jihar ta haramta baburan haya a cikinsu tun watan Yunin 2022. A nan Agege ta yi zarra, saboda jirgin ƙasa na Red Line, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana da tasha a Agege da kuma Ikeja. Ka je tashar ka ga lokutan tashinsa ko sun dace da naka.

Ta fuskar kuɗi, ka haɗa hayar da la'adar dillali da kuɗin takardar yarjejeniya da kuɗin ajiya na ɓarna, sannan ka cire abin da kake kashewa a mota a shekara, a nan ne za ka ga ainihin tsadar kowane gida. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da a Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja, waɗanda dokar ba ta shafa ba. Kada ka biya sai ka ga mai gidan ko lauyansa, ka kuma karɓi rasit, kuma kana iya bincika ko dillalin yana da rajista da hukumar LASRERA da ke sa ido kan harkar.

Idan mai gidan Ogba ya ba ka wurin ajiya a ƙasa a rubuce, kuma aljihunka zai ɗauka, shi zan zaɓa maka. Idan ya ƙi, ko ya ce sai ka tare za a duba, ka ɗauki ɗakin Agege, bisa sharaɗin keken zai shiga ciki kuma ka gwada mashigar layin dogo da kanka da safe da kuma bayan magariba. Allah ya sa a dace.