Amsa ga mai tambaya kan ƙaninta da ciwon Guillain-Barré ya kwantar

'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Kin ce an sallamo shi, ƙafafu ba sa ɗaukarsa, kina tambaya ko a matsa masa da motsa jiki don ya miƙe da wuri.

Don Allah kada a matsa. A wannan ciwon garkuwar jiki ce ta afka wa jijiyoyi, kuma a hankali suke farfaɗowa. In aka gajiyar da naman da jijiyarsa ba ta warke ba, rauni ke ƙaruwa. In ya wayi gari ya fi jiya kasala, aikin ya yi yawa, a rage.

Ku kai shi sashen gashin ƙashi (physiotherapy) na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, Legas, ko na asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja in daga Agege kuke, su koya muku abin yi a gida. Ku riƙa juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, kuna lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu a hankali, a tokare tafin ƙafa da matashi kada ya saki. Ruwan gashi kuwa, ki fara taɓawa da hannunki, domin yana iya ƙonewa bai ji ba.

Yawancin masu ciwon kan yi tafiya da kansu cikin wata 6. Amma in numfashi ko haɗiya ta yi masa wuya, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.