Me ya sa kwana 49 ke yawan fitowa a wasannin fatalwa na Koriya?

Ka tambayi dalilin yawan ambaton kwana 49 a wasannin fatalwa na Koriya ta Kudu. Asalinsa addinin Buddha ne. Mabiyansa sun yi imani ruhin mamaci yakan zauna tsaka-tsaki, ana yi masa shari'a duk kwana bakwai har sau bakwai, kafin a yanke inda za a sake haifarsa. A rana ta 49 iyalai kan yi masa addu'a ta musamman, sasipgujae.

Marubuta sai suka mayar da shi wa'adi. A wasan 49 Days na tashar SBS, 2011, wata budurwa tana kwance a sume, kuma dole ruhinta ya samo hawayen ƙauna na mutum uku waɗanda ba danginta ba kafin wa'adin ya cika.

Mai baƙaƙen kayan da ake gani a irin waɗannan wasannin kuwa jeoseung saja ne, ɗan saƙon lahira. Aikinsa rakiyar mamata, ba kisa ba.