Murfin injina ya yi fari-fari: fenti zan sake ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kabu-kabu a Gusau da Boxer. Murfin injin da wilin sun dushe, sun fito da wani farin gari. Na sa an yi musu feshi, damina ɗaya ya ɓare. Wane rufi ne ya fi ƙarko?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Farin garin nan tsatsar alminiyam ce, domin shi ba ya jar tsatsa irin ta ƙarfe. Daga kamfani akwai siririn fenti a kansa. Da tsakuwa ta ƙwarzane shi, ruwa sai ya shiga ta ƙarƙashi ya riƙa ɗaga shi.

Feshinka kuwa ina zargin ba a yi masa shimfiɗa ba. Fenti ba ya kama alminiyam kai tsaye. Sai an kankare tsohon da samfefa, an wanke maiƙo tas, an sa firaima, wato fentin shimfiɗa mai kama jikin alminiyam, sannan launi. Mai fentin da ya tsallake wannan, kuɗinka kawai ya ci.

Wanda ya fi ƙarko shi ne fentin gari, wanda ake fesawa da lantarki a gasa a zafin digiri 180 zuwa 200. Yana da kauri, yana jure rana, kodayake dutse na iya ɓantare shi. Sai an kwance kayan an cire boris da roba kafin gashi.

Akwai kuma anodayizin, wato launukan da kake gani a hannun birki na kwalliya. Ana tsoma ƙarfen a ruwan asid a sa lantarki, fatarsa ta yi tauri, don haka ba ya ɓarewa. Amma rini ne a ciki, kuma ranar Zamfara ba ta barinsa: ja ya koɗe, baƙi ya koma ruwan ƙasa. Murfin inji kuma zubin alminiyam ne mai sinadarin silikon da yawa, in aka yi masa anodayizin toka-toka yake fitowa. Ban ba ka shawararsa ba.

Sai wanki. Kada soda ta taɓa shi, cin alminiyam take yi, kuma a rage garin sabulu mai ƙarfi. Da hunturu kada ka share ƙura da busasshen tsumma, fara watsa ruwa tukuna. Man birki in ya zuba, wanke shi nan take.