Amsa kan faifan Pink Floyd na 1973

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanina, na ji tambayarka, wai da gaske ne faifan nan The Dark Side of the Moon na ƙungiyar mawaƙan Pink Floyd ba da kwamfuta aka haɗa shi ba, don sautin ya yi tsaf da yawa. Wallahi da gaske ne, ka saurare ni.

A situdiyon Abbey Road na Landan suka yi shi, tun tsakiyar 1972 har farkon 1973, a watan Maris ya fito. Tef ne zalla, tirak 16 kacal gare su, kai yau ko ɗari kake so manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio za ta buɗe maka. Kuma fa kafin su shiga situdiyo sun yi watanni suna buga waƙoƙin a gaban jama'a, sun san inda kowane sauti zai zauna.

To abin da ya fi burge ni shi ne farkon waƙar Money. Ƙarar sulallan nan da injin kuɗi na kanti da yagar takarda, Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, shi ne ya ɗauke su, sannan aka sa reza aka yanka tef gida bakwai, tsawo ɗaya, saboda kiɗan bugu bakwai yake tafiya ba huɗu da muka saba ba, aka liƙe shi ya zama zobe, zoben ya yi tsawon da sai da aka zagaya shi ta jikin sandar makirfo yana juyawa. Ka ga in reza ta kauce ko kaɗan bit ya karye, sai dai a sake daga farko. Agogunan waƙar Time kuma injiniyansu Alan Parsons ne ya je shagon tsofaffin agoguna ya ɗauki kowanne shi kaɗai, daga baya aka jera su suka buga tare. Hatta bugun zuciyar da ke buɗe faifan ganga ce aka gyara mata murya.

Muryoyin da kake ji can ƙasa ƙasa ba 'yan wasa ba ne fa, tambayoyi aka rubuta a kati aka ba ma'aikatansu, har mai gadin ƙofa, kowa ya amsa yadda ya ga dama.

Abu ɗaya dai yana min ciwo. Clare Torry, matar da ta yi wannan rera mai tsuma jiki ba kalma ko ɗaya a waƙar The Great Gig in the Sky, fam 30 aka sallame ta, alhali faifan ya yi sama da shekara 14 a Billboard, jadawalin faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Sai da ta kai ƙara kafin a 2005 aka sasanta aka sa sunanta cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Don Allah kar ka ji shi da sifikar waya. Ka samu hedfon mai kyau, daga farko har ƙarshe ba tsallake, don waƙoƙin a ɗinke suke, ka lura da sawun mutumin da ke gudu daga wannan kunne zuwa wancan a waƙar On the Run, sai ka turo min abin da ka ji.